Abin da aiki da likitoci ya koya min kan auna darajar mai bincike

Ni dai lissafin ƙididdiga na karanta, amma aiki ya kai ni cikin likitoci, su ne ke kawo min data ni kuma in tsara musu nazari in fitar da sakamako. To zaman nan tsakanin ɓangarori biyu shi ya sa na fara lura da wani abu da ke damuna sosai duk sanda aka zo maganar ƙarin girma a jami'a, wato yadda ake ɗaukar lamba ɗaya tak a ce da ita za a san wane ya fi wane.

Lambar da aka fi yayi yanzu ita ce ma'aunin h, wanda wani masanin fizis a Amurka, Jorge Hirsch, ya kawo a 2005. Idan kana da takardun bincike 20 kuma kowace wasu masu bincike sun ambace ta a nasu takardun aƙalla sau 20, to h ɗinka 20 ne. Sai kuma imfak fakta na mujalla da Eugene Garfield ya assasa, shi kuma yana duba sau nawa aka ambaci takardun da mujalla ta buga a shekaru biyun da suka wuce kawai. Shekara biyu fa! A binciken ƙwayoyin halitta da magunguna wannan ya wadatar, domin abu na fitowa yau gobe mutum ɗari sun ɗora nasu a kai, kuma takarda ɗaya sai ta jero ambato arba'in ko hamsin. Mu a ƙididdiga takarda tana iya yin shekara guda ko fiye a hannun masu tantancewa kafin ma ta ga hasken rana, balle a ce mutane sun karanta sun gane sun fara aiki da ita. Shi ya sa za ka ga imfak fakta na mujallar likitoci ta Lancet ya haura 200 a lissafin 2021 lokacin korona, alhali mujallar Annals of Statistics da kowane mai ƙididdiga ke mafarkin shiga ba ta ko kusa da goma. Ai ba a haɗa buhun gero da buhun auduga a ce a kwatanta su da girman buhu.

Misalin da ya fi tsaya min a rai shi ne na Martin Bland da marigayi Doug Altman, 'yan Ingila. Sun ga likitoci na wata ɓarna, idan suna son sanin ko na'urori biyu na awo sun yi daidai da juna sai su lissafa alaƙa tsakaninsu, wato ko awonsu na hawa da sauka tare, alhali na'ura na iya ƙara goma a kan kowane awo kuma alaƙar ta fito cif. Suka rubuta gyaran a 1983 a mujallar The Statistician, likitocin da aka yi domin su ba su gani ba. Sai suka sake rubuta shi a 1986 a Lancet da harshen da likita zai gane, da misalin na'urar awon ƙarfin numfashi, kuma wannan ta biyun ce ta shiga jerin takardu 100 da aka fi ambata a tarihi da mujallar Nature ta fitar a 2014. Tunani ɗaya ne, mutane ɗaya ne, wurin bugawa ne ya canza. To me lambar ta auna a nan, kaifin tunanin ko yawan mutanen da ke unguwar da aka yi maganar?

Haka Benjamini da Hochberg na jami'ar Tel Abib, hanyarsu ta rage sakamakon ƙarya idan ana gwaje-gwaje masu yawa lokaci guda ta fito a 1995, ta yi shekaru ba a damu da ita sosai ba, sai da masu binciken ƙwayoyin gado suka fara gwada dubbansu a lokaci ɗaya sannan kowa ya ruga wajenta. Da a ce kwamiti ya zauna a kansu a 1997 da lissafin shekara biyu, da an ce aikin bai yi tasiri ba. Kuma akwai wani abin, idan hanya ta shahara ƙwarai sai a daina ambatonta gaba ɗaya, waye yau ke ambaton Gosset da takardarsa ta 1908 in ya yi gwajin t, sanannen gwajin ƙididdiga da ya samo asali daga takardar?

Ta ɗaya ɓangaren ma gaskiya akwai matsala, kuma wannan ya shafe mu masu aiki da likitoci kai tsaye. Mai ƙididdiga da ke zaune a asibitin koyarwa zai iya tara takardu da yawa saboda sunansa na shiga tsakiyar jerin marubuta, h ɗinsa ya yi sama ya wuce na abokinsa da ke sashen lissafi yana ƙirƙiro sabuwar hanya shi kaɗai. Akwai manyan takardun haɗin gwiwa irin na Global Burden of Disease, binciken nauyin cututtuka a duniya, masu ɗaruruwan marubuta, kowa a cikinsu Google Scholar, shafin da ke ƙirga ambato, zai ba shi ambaton gaba ɗaya kamar shi kaɗai ya rubuta. Sannan a gefe guda na sha ganin wanda ya tsara girman samfur, wato yawan mutanen da za a sa a binciken, ya gyara data, ya yi nazarin daga farko har ƙarshe, amma aka jefa sunansa a sashen godiya, wanda babu injin da ke ƙirga shi. Wannan kam yana min ciwo, musamman in ƙaramin ma'aikaci ne da ba zai iya buɗe baki gaban oga ba.

Abin da nake yi yanzu in an ba ni takardun wani in duba, ina fara tambaya da wa ya kamata a kwatanta shi, 'yan fanninsa da suka fara aiki lokaci ɗaya, ba farfesan da ya yi shekara talatin ba, tunda h ba ya taɓa sauka sai dai ya hau. Sai in ɗauki takardu uku ko huɗu da shi da kansa ya ce su ne mafi kyau in karanta su da gaske, in ga me ya yi a ciki da hannunsa. Sanarwar DORA ta Sanfaransisko ta 2012, kan yadda za a auna aikin bincike, ta faɗa ƙarara kada a yi amfani da imfak fakta wajen ɗaukar aiki ko ƙarin girma, ƙa'idojin Leiden na 2015 su ma sun ce lamba ta taimaka wa hukuncin masana ne kawai, kar ta maye gurbinsa. Amma fom ɗinmu na ƙarin girma har yanzu maki yake rabawa bisa Scopus, rumbun da ke tattara takardu da ambatonsu, da matsayin suna a jerin marubuta, na farko ya kwashi kaso mai tsoka na tsakiya ya samu ragowa.

Ɗalibai da ƙananan abokan aiki kuma abu ɗaya nake nanata musu, kafin ku taɓa data ɗin kowa ku zauna a yi maganar suna, a rubuta, ko da a saƙon WhatsApp ne, kuma ku nemi mujallar da ke ba da wurin bayyana wa ya yi me a cikin aikin.