Mako na uku: sharar "N/A" daga direbobin katin sadarwa

'Yan'uwa masu koyo, a wannan makon na ɗauki aikin da ya fi kowanne ƙanƙanta a cikin kernel ɗin Linux (zuciyar tsarin, wadda ke sarrafa na'urorin kwamfuta), wato cire rubutun cike gurbi na "N/A" (ma'ana babu bayani) daga direbobin katin sadarwa, manhajojin da ke sarrafa katin, kuma na yi gwajin ne a kan wani tsohon kwafi da na ajiye domin koyo.

Idan mutum ya buga umarnin ethtool -i, kwamfuta takan nuna masa sunan direba, da sigarsa, da sigar firmware (manhajar da ke cikin katin kansa), da kuma inda katin yake a maƙale. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan guraben yana da bayit 32 a tsarin ethtool_drvinfo. Direbobi da dama waɗanda katinsu ba shi da sigar firmware da za a faɗa sun saba rubuta "N/A" a gurbin fw_version, alhali kuwa kernel yakan cika tsarin gaba ɗaya da sifili tun kafin ya miƙa shi ga direba, saboda haka gurbin da aka bari fayau ya riga ya faɗi abin da ake son faɗa. A sababbin sigogi ma, idan gurbin ya dawo babu komai, kernel yakan nemi sigar ta hanyar devlink (wata hanyar samun bayanan na'ura a cikin kernel), ga shi kuwa haruffan nan uku suna toshe wannan ƙofa. Wannan dalilin ne ya gamsar da ni cewa aikin ya wuce kwalliya.

Na lalubo wuraren da umarnin bincike na git grep a ƙarƙashin jakar drivers/net. Gogewar ba ta ɗauki lokaci ba, amma a wani direba na yi gaggawa: an fara zuba "N/A" a cikin wani ma'aji na wucin gadi kafin a kwafe shi, ni kuma na goge layukan na bar ma'ajin, sai gcc, manhajar da ke haɗa lambar ta zama shirin da kwamfuta za ta gudanar, ya yi gargaɗin cewa babu mai amfani da shi. Da ban sake haɗa lambar ba, da ban gani ba, domin checkpatch.pl, kayan duba gyara kafin a aika shi, tsarin rubutu yake dubawa.

Inda na tarar da "N/A" a gurbin bus_info, mai nuna inda katin yake a maƙale, ban taɓa shi ba tukuna, sai na gama karanta yadda na'urorin da ba su da kati na zahiri suke amfani da gurbin. Gobe zan tayar da katin sadarwa na e1000 a cikin QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta, in kwatanta abin da ethtool yake nunawa kafin gyara da bayansa.