Tarihin Rayuwar Nora Volkow, Kashi Na Bakwai: Mutum 53 a Cikin Na'urar PET

Masu biye da mu za su tuna makon jiya mun bar Dakta Nora a cibiyar bincike ta Brookhaven da ke Long Island a Amurka. Ta nuna cewa Ritalin, maganin da ake ba masu larurar ADHD, wato ƙarancin natsuwa da yawan ƙiriniya, ƙofar da hodar ibilis ke toshewa a ƙwaƙwalwa ita yake toshewa. Sai dai idan haɗiye shi aka yi, yakan ɗauki wajen awa guda kafin ya cika aikinsa, shi ya sa ba ya bugarwa kamar hodar. Abin da ya rage mata shi ne gano matsalar da ke ƙwaƙwalwar masu larurar tun kafin a sha magani.

A can tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai ƙwayoyin da ke samar da sinadarin dofamin, suna aika shi zuwa wani ɗan curi mai suna akumbens, da kuma sashen goshi mai tsara aiki. Dofamin kan sauka a kan makarɓa, wato mazaunan da ke karɓar saƙonsa, ciki har da D2 da D3, sannan wasu 'yan famfuna su zuƙe shi su mayar; famfunan nan su ne ƙofar da Ritalin ke toshewa. Masanin ƙwaƙwalwa Wolfram Schultz ya nuna da birai cewa da farko ƙwayoyin nan kan zabura ne lokacin da ruwan zaƙi ya taɓa baki, amma da biri ya koyi alamar da ke zuwa kafin ruwan, sai zaburar ta koma kan alamar. Ke nan dofamin shi ke sa ladan da bai iso ba ya riƙe mutum a kan aiki. Idan wannan hanya ta yi rauni, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki kullum, ko da kazar ce sakamakon jarrabawa.

Daga 2001 zuwa 2009 Dakta Nora da abokan aikinta suka yi amfani da na'urar PET, mai ɗaukar hoton sinadarai a cikin ƙwaƙwalwa, suka auna manya 53 masu larurar waɗanda ba sa shan magani, da masu lafiya 44. A tsakiyar aikin, a 2003, aka naɗa ta shugabar NIDA, hukumar binciken shaye-shaye ta Amurka, amma ba ta saki binciken ba.

Aikin da wuya. Ana yi wa mutum allura ta jijiya da sinadari mai ɗauke da kabon-11, alamar da na'urar ke hangowa, wanda rabin ƙarfinsa ke gushewa duk bayan kimanin minti 20, don haka dole injin da ke haɗa shi ya zama a kusa. Ɗaya daga cikin sinadaran, mai suna raklofirayid, shi ke manne wa makarɓan D2 da D3. Su kuwa famfunan, da ɗan mitsitsin hodar ibilis mai alama ake gano su, wanda bai kai ya yi wa mutum komai ba. Sai mutumin ya kwanta a cikin na'urar kusan awa guda kai ba motsi, domin motsi kaɗan ya isa ya ɓata hoton wuri ƙarami kamar akumbens. A tuna fa, mutanen da zama wuri ɗaya ke yi wa wuya ake nema su yi haka.

Sakamakon ya fito a mujallar likitanci ta JAMA a 2009. Masu larurar suna da ƙarancin makarɓa da famfuna a akumbens da tsakiyar ƙwaƙwalwa, kuma iya ƙarancin, iya tsananin rashin mai da hankali. A ganinmu nan ne nauyin aikin yake: yaron da zai shafe awa uku a wasan waya amma ya kasa minti goma a kan lissafi, ba lallai ne taurin kai ba. Wasan na biyansa nan take, lissafin kuwa bashi ne.

Amma binciken ya ci karo da na baya, domin wani rahoto na 1999 ya ce famfunan yawa suka yi, ba ƙaranci ba. Wani ɓangare na amsar ya zo a 2013, lokacin da abokin aikinta Gene-Jack Wang ya nuna cewa shekara guda ana shan maganin ta ƙara famfunan da kusan kashi 24 cikin ɗari. Wanda ya auna mutumin da ya daɗe a kan magani, yana iya auna sawun maganin ya ɗauka larurar ce. Akwai wani tarkon kuma: raklofirayid na takarar mazauni da dofamin na jiki, saboda haka raguwar haske a hoto na iya nufin makarɓa sun yi kaɗan, ko kuma dofamin ya riga ya zauna a kansu. Kuma duk wannan matsakaicin rukuni ne. Har yau likita da tarihin mutum da bayanin iyaye da malamai yake gane larurar, ba da hoto ba.

Mako mai zuwa za mu koma baya zuwa 2004, lokacin da ta ba mutane maganin ta ajiye musu lissafi a gaba, ta tambaye su ko aikin ya yi musu armashi.