Hanyar taɓo da kuɗin gwamnati: abin da na koya a West Virginia

Ranar da malamina ya miƙo mini takardar aikin zangon ƙarshe, sai da na karanta ta sau biyu, don na zaci ta wani aka ba ni. Na baro gida ne don karatun tattalin arzikin yankuna a Amurka, ina sa ran batun madatsar ruwa ko layin dogo. Sai ga shi an ce in tafi kudancin jihar West Virginia in binciko ko kuɗin da gwamnati ke zubawa a hanyoyin wasan babur mai ƙafa huɗu suna dawowa. Wasa fa! Ƙattin mutane da gemu su shiga daji su yi kaca-kaca da taɓo, wai kuma da kuɗin haraji. Tun ban haɗa jaka ba na riga na yanke hukunci.

Sunan wurin Hatfield-McCoy, sunan wasu dangi biyu da suka shafe shekaru suna kashe juna a bakin kogin Tug a ƙarshen ƙarni na 19. Majalisar jihar ce ta kafa hukumar da ke kula da hanyoyin a 1996, aka buɗe su a 2000 da kimanin mil 300, yanzu kuwa tsawonsu ya kai wajen mil 1,000. Yankin ƙasar kwal ce da kasuwarta ta mutu. Gundumar McDowell na da mutum kusan 100,000 a 1950. A ƙidayar 2020 ba su kai 20,000 ba. A garin Welch na ga benaye na jan bulo jere a bakin titi, rabinsu tagogi a toshe da katako.

Mako uku na yi ina haɗa lissafi. Gefe ɗaya abin da gwamnati ta kashe, ɗaya gefen kuɗin takardar izinin da kowane mahayi ke saya duk shekara. Na debe wannan daga wancan, na rubuta cewa asara ce, na miƙa ina jin kaina. Bayan kwana biyu takardar ta dawo da tambaya guda da jan biro a gefe: ƙasar ta waye?

Ban taɓa tambaya ba. Ashe mafi yawan dajin da hanyoyin suka ratsa ba na gwamnati ba ne, na kamfanonin kwal ne da na katako da masu manyan filaye. Shekara da shekaru 'yan gari na hawa babur a ciki ba da izini ba, kamfanonin kuma na ɗari-ɗari, domin a Amurka mutum kan karye a filinka ya maka ka kotu ya karɓi diyyar da za ta girgiza ka. Abin da majalisa ta yi shi ne ta sa doka mai kare mai fili daga irin wannan ƙara muddin ya ba hukumar damar amfani da filinsa, hukumar kuma ta ɗauki nauyin tsaro da gyara. Da haka aka samu ɗaruruwan mil ba tare da an sayi ƙasar ba. Wato gudummawar gwamnati mafi nauyi ba ta cikin teburin lissafina kwata-kwata, don ba a rubuta ta da dala.

Ko kuɗin ma ban fahimci asalinsu ba. Tun 1991 gwamnatin tarayya ke da wani asusu na hanyoyin shaƙatawa. Ana karɓar harajin santi 18.4 a kan kowane galan na fetur don gyaran tituna, alhali wani fetur ɗin a daji ake ƙona shi, bai taɓa hawa kwalta ba. Daga nan ake ware kimanin dala miliyan 84 a shekara a raba wa jihohi: kashi 30 cikin 100 ga hanyoyin masu inji, 30 ga na masu tafiya a ƙafa da keke da doki, 40 ga waɗanda ake tarayya. Mahayan ma ƙorafi suke cewa abin da ake maido musu bai kai abin da suke biya ba. Ni da na zo da hujjar an ɗauki kuɗin talaka an ba mai wasa, sai na ga har hanyar mai tafiya a ƙafa daga tankin mai babur ake gyara ta. Akwai kuma tallafin hukumar raya Appalachia, yankin duwatsun da jihar ke ciki, da kuɗin farfaɗo da tsofaffin wuraren haƙar kwal.

Amma a garin Gilbert idona ya buɗe sosai. Na sauka a wasu ɗakunan katako na wata dattijuwa da mijinta ya yi shekaru a ramin kwal. Da sassafe na fito na tarar da ita riƙe da bututun ruwa mai ƙarfi tana wanke dandamalin da baƙi ke ajiye baburansu, jan taɓo na gangarawa kwata. A farfajiyar ga manyan a-kori-kura da tireloli, lambobinsu na Ohio da Pennsylvania da North Carolina. Na tambaye ta ko ta san yawan takardun izinin da aka sayar bana. Ta yi dariya ta ce ita ba takarda take ƙirgawa ba, kwana take ƙirgawa. Wanda ya zo da safe da abincinsa a kula da fetur ɗinsa a jarka, ya juya da yamma, taɓo kaɗai ya bar mata. Wanda ya kwana uku kuwa sai ya ci abinci, ya sha mai, ya fasa taya ya nemi mai faci.

Shi ya sa garuruwan suka halatta wa baburan shiga titunansu, aka kuma yi 'yan hanyoyin da ke sauko da mahayi daga kan dutse har ƙofar gidan abinci. Mil biyu da ya shigo gari ya fi wa mai shago amfani a kan mil hamsin da ya ƙare a daji, amma a teburina duk mil ɗaya ne.

Sai batun gyara, wanda ba mai son biya. Ruwan sama ɗaya kan zaizaye gangare, kamfani kuma na iya dawowa yankan katako a rufe sashe a karkata hanya. Kullum katafila na kan aiki. Kuɗin buɗe sabon wuri na zuwa da sauƙi tunda akwai yanka zare da ɗaukar hoto. Na gireda kuwa sai an yi ta roƙo. Wannan kam bai zame mini baƙon abu ba.

Ba zan ce komai lafiya ba. Wani tsoho ya nuna mini ƙurar da ta rufe barandarsa, ya ce tun asuba ƙarar ba ta barin shi barci, rafin bayan gidansa kuma ya koma ruwan kunu. Ana samun haɗurra, wasu har da rasa rai. Albashin mai gyara ɗaki ko soya nama bai kama ƙafar na mai haƙar kwal ba, kuma da hunturu kasuwa kan ja baya. Na tuna Agadez, inda direbobin motocin sahara suka ci abinci da baƙin da ke zuwa duwatsun Ayar da hamadar Tenere har da gasar tseren motoci ta Paris-Dakar, sai rashin tsaro ya kore su gaba ɗaya. Arzikin da ke zuwa da ƙafar baƙo, da ƙafar baƙo yake tafiya.

A rahoto na biyu na jefar da teburin farko. Na ba da shawarar kada a biya kuɗin sabon mil sai an nuna garin da zai shiga da kuma wanda zai gyara shi, a riƙa auna nasara da yawan kwanan baƙi. Na ci jarrabawar. Sai dai takardar ta sake dawowa da jan biro a shafin ƙarshe: ɗakunan kwanan na 'yan garin ne, ko na baƙin da suka zo suka saya? Na ƙirga gadaje a garuruwa huɗu, ban tambayi mai ko ɗaya ba.