Birezel ɗin Oma da maganar Yaya

Laraba, 31 ga Disamba 2025

Yau Yaya ta ɓata mini rai, kuma na tabbata ko sani ba ta yi ba.

Tun shekaranjiya Oma, tsohuwar nan Bajamushiya maƙwabciyarmu, ta tare ni a matakala da tsintsiya a hannu. Makon shararta ne, kuma kun san ba ta yarda a taya ta. Ta ce in sauko yau da hantsi in ara mata hannuwana, don bana sanyin ƙashi ya lanƙwashe mata yatsu, ba ta iya murza kwaɓi. Ta ce tunda ta yi aure ba ta taɓa sayen birezel ɗin sabuwar shekara, burodin nan nasu mai harɗaɗɗun hannuwa, a shago ba, kuma ba bana za ta fara ba.

Da sassafe na ruga kanti neman yis, tunda yau da rana tsaka ake rufewa. Layi har wajen firjin madara, kowa ya rungumo kwalin nokawut da kayan tartsatsin wuta, da yake kwana uku kacal doka ta yarda a sayar da su a shekara. Ni kaɗai ce riƙe da ɗan dunƙulen yis mai giram 42.

Ba irin birezel ɗin da Ummi ke tafiya da shi makaranta ba ne. Wancan ana tsoma shi a ruwan soda kafin a gasa, shi ya sa bayansa ke yin ja wur, sannan a barbaɗa masa gishiri, kuma a nan yankin sai kin tambayi mai shago don wasu da man alade suke kwaɓawa. Na yau mai zaƙi ne, ba soda, ba gishiri a kai. Neujahrsbrezel suke ce masa. Fulawa kilo guda, madara mai ɗumi rabin lita, bota giram 150, sukari ma haka, ƙwai biyu, ɗan gishiri a ciki, sai ɓawon lemon tsami da Oma ta goga da kanta. Komai sai an ɗora a sikeli. Na kai hannu zan ƙara fulawa da ido saboda kwaɓin na manne mini, ta buge mini hannu da cokali. Ta ce in ci gaba da murzawa, da kansa zai saki. Minti goma ina fama, kafaɗuna na ciwo, sai kuwa ya saki kwano ya yi santsi.

Muka rufe shi da tawul kusa da hita, muka zauna jiran ya tashi. A nan ta ba Ummi labarin mai gashin burodin garin Urah, wanda ya yi wa sarkinsa Eberhard laifi aka yanke masa hukuncin kisa, sai sarki ya ce zai yafe masa in ya kawo burodin da rana za ta leƙo ta cikinsa sau uku. Mutumin ya rasa dabara, har ya ga matarsa tsaye a bakin ƙofa ta harɗe hannuwa a ƙirji, ya kwaikwayi harɗewar. Ummi ta tambaya ko da gaske ne. Oma ta ce Eberhard dai gaskiya ne, shi ya kafa jami'ar garin nan namu, Tubingen, a 1477, inda baban Ummi ke aiki, sauran kuwa tatsuniya ce.

Ta ce suna yara iyayen baftisma ne ke kawo wa yaro nasa ranar ɗaya ga wata, wani lokaci da kwabo a ciki. Samari su kai wa 'yan matan da suke so. Maza kuma su kwana a gidan shaye-shaye suna jefa dayis, wanda ya ci ya tafi gida da birezel a hammata. Na ce, “Oma, ke kin yarda yana kawo sa'a?” Ta kalle ni ta saman tabarau. Ta ce, “A shekarar da mijina ya rasu ma mun ci.” Ta tashi ta je ta ɗaga tawul.

Naɗin ne aikin. Mun raba kwaɓin biyu, nata da namu. Kowanne a cire kashi ɗaya cikin uku a ajiye, sauran a murza shi ya yi tsawo ya wuce mita, tsakiya da kauri, bakin biyu sirara. Teburinta bai isa ba, sai da Ummi ta riƙe gefe guda. A lanƙwaso, a murɗe hannuwan sau biyu, a danna bakinsu a jiki, ƙofa uku su fito. Wanda aka ajiye a raba shi uku a kitsa, a kwantar a kan kaurin. Nan kam ban bari an koya mini ba. Oma ta tsaya tana kallon yatsuna, ta ce ko surukarta ba ta kitsa shi haka. Aka shafe da gwaiduwar ƙwai da ɗan madara, aka watsa sukarin nan mai manyan ƙwayoyi da ba ya narkewa a wuta. Ta naɗe yuro ɗaya a takardar alminiyom ta cusa a ƙarƙashin kitson kowanne. Obin a 180, kusan rabin awa. Da ya fito, faɗinsa ya kai faifai, ƙamshin bota har hawa na uku.

Ina shigowa da namu a kan tire wayar Yaya ta shigo, ta bidiyo. Da hunturu agogonmu ɗaya da Kano, don haka yanzu ba ta lissafi, kira kawai take yi. Muna cikin gaisuwa Ummi ta fizge wayar ta haska mata tiren.

“Umma Babba, kin gani? Na sa'a ne! Wanda ya ci gobe da safe zai yi sa'a duk shekara. Akwai kuɗi ma a ciki!”

Yaya ta yi shiru. Irin shirun nan nata.

“Ba ni uwarki.”

Na karɓa.

“Ke yanzu abin da kike koya wa yarinya ke nan? Sa'a a cikin burodi?”

“Yaya, tsohuwa ce, hannunta ba lafiya. Taya ta na yi.”

“Taimako daban, kwasar camfin mutane daban. Shekarar ma ta wa ce da har ake nema mata sa'a? Mai ba da sa'a ai Shi kaɗai ne.”

“Haka ne, Yaya.”

“Ki dai kula. Kar ki dawo mana da Baturiya.”

Na ce Allah ya ba ta haƙuri. Daga nan ta koma zancen ankon bikin watan gobe kamar ba ta faɗi komai ba, har tana tambaya ko in ta aiko da kilishi zai wuce filin jirgi. Ba zai wuce ba, na sha faɗa mata, ba a shigo da nama Turai a jaka.

Tun da ta kashe wayar nake amsa mata a zuci. Ina wanke tire ina amsawa, ina ninke kaya ina amsawa.

Wace ce take tsare mu a daren cika-ciki da kwanon tuwo, ta ce wanda bai cika cikinsa ba za a cika masa da wuta? Yaya ce. Hajiya ta adana jelar ragon layya tun babbar Sallah, wata guda cur, sai daren nan na Muharram a sa ta a miya. Mu ci har mu kasa miƙewa, wai wanda ya kwana da yunwa a daren haka zai ƙare shekara. Malam na tsangayar bayan gida duk shekara sai ya ce wannan ba shi da asali, azumin Tasu'a da Ashura ne abin yi. Mu yi azumin, mu kuma ci tuwon. Shi ma ana kai masa nasa kwanon, kuma ban taɓa ganin ya dawo da shi a cike ba. Babu wanda ya fita daga addini saboda jelar rago. Cikinmu babu wanda ya ɗauka da gaske tuwo ne ke riƙe da arzikin shekara, kamar yadda Oma ba ta ɗauka ba, ga shi ma ta faɗa da bakinta.

Amma ba na faɗa wa Yaya haka. Ita ta goye ni.

Da ma a nan abin ya tsaya, da tuni na huce. Kalmar ƙarshen ce ta zauna mini. Don da yamma na tambayi Ummi ko ta san cika-ciki, ta ce wani wasa ne? Yarinyar nan ta san daren 11 ga Nuwamba da suke yawo da fitilun takarda suna waƙa. Ta san a ajiye takalmi a bakin ƙofa daren 5 ga Disamba. Yau ta ƙara da mai gashin burodin Urah. Ashura ta bana a farkon Yuli ta faɗo, ni da babanta muka yi azumi har wajen tara da rabi na dare, lokacin yara sun yi barci. Jelar rago kuma daga ina? Kuɗin layya gida muke turawa, ragon ma a hoto muke ganin sa. Su abin nasu a titi yake, a makaranta, a tagar kowane shago, har a matakalar gidanmu. Namu sai an cika tsakar gida da mutane yake zama abin da yake, ga taubasai suna bin juna kuɗin shara, ga yara suna gasar loma. Mu huɗu a falo, in na tuƙa tuwo na ce kowa ya ci ya ƙoshi, abincin dare ne kawai.

Na faɗa wa Abban Ummi duk yadda muka yi. Yana danna waya ya ce, “Burodi ne fa. In akwai shayi a yanko mana.” Na ce Oma ta ce sai gobe. Ya ce to shi ne camfin.

Magariba huɗu da rabi da 'yan mintuna. Sanyi. Auta ya ƙwaƙule sukarin gefe guda kafin in ankara, na mayar da tiren saman firji.

Tun tara unguwa ta fara ɗaukar ƙara. A tsohon gari an hana harba wutar tun 2009, bayan gobarar da ta kama wani gida a dandalin kasuwa, don haka duk masu abin nan gefenmu suke kwararowa. Ummi na son a kai ta kallo ƙarfe sha biyu. Babanta ya yi alkawari, shi zai ji da shi.

Oma ta ce mu sauko tara na safe, da namu birezel ɗin, ita za ta kawo bota da kofi.

Wai kuma abokan aikin Abban Ummi sun gayyace shi garin Roitlingen Alhamis ta makon gobe, ranar da suke jefa dayis a ci wani burodi mai tsini takwas. Na ce wannan kam caca ce, ba da ni ba, ba kuma da shi ba. Ya ce, “Burodi ne fa.” Na ce ya kira Yaya ya faɗa mata.