Geji: abin da na gano da na auna layin dogo a Kaduna

Ma'aikatan reluwe na yawan faɗin "geji", kuma abin da suke nufi shi ne tazarar da ke tsakanin ƙarafan layin dogo guda biyu. Kaduna wuri ne mai kyau na fahimtarsa, domin muna da iri biyu a gari ɗaya.

Ni malamin lissafi ne, sai na ɗauki tef na tafi tsohon layin da ke kusa da Kakuri tare da wani dattijon unguwarmu da ya yi ritaya daga reluwe. Kafin in miƙa tef ɗin ya ce, "Malam, daga ciki zuwa ciki ake aunawa." Na ce, "Baba, me ya sa?" Ya tsuguna ya nuna mini gefen ƙarfen da ya sha guga har yana ƙyalli. Tayar jirgi tana da leɓe ta ciki, shi ke riƙe ta kada ta zame, saboda haka tazarar ciki ce ke da amfani. Abin da muka samu bai yi nisa da milimita 1,067 ba, wato ƙafa uku da rabi. Wannan shi ne ƙaramin geji da Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa, wanda ya isa Kano a 1911. Arha ce ta ja su, ga shi yana iya shan kwana mai tsanani.

Na Rigasa kuwa ban auna ba, kuma kada kowa ya gwada, layi ne mai aiki. Nasa milimita 1,435 ne, babban gejin da yawancin ƙasashen duniya ke amfani da shi, kuma a kansa jirgin Abuja ke gudu tun 2016.

Bambancin milimita 368 ne kawai, bai kai kamu ɗaya ba. Amma shi ya sa tarago daga Rigasa ba zai taɓa hawa tsohon layin ya nufi Zariya ba. Masu cewa a haɗa su kawai a huta, da sauran aiki: sai an shimfiɗa sabon layi, kamar na Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, ko kuma a riƙa sauke kaya daga wannan jirgi ana lodawa a wancan.