Abin da yanayin Kano ya koya mini a gyaran jita

Yawancin jitocin da ake kawo mana gyara a Sabon Gari, daga majami'u da makaɗan biki da masu koyo a gida, yanayi ne ya taɓa su. Katakon jita yana son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin 100, a Kano kuwa yakan sauka ƙasa da kashi 20 idan hunturu ya kankama a Disamba da Janairu, sannan ya haura 70 a watan Agusta. Saboda haka kafin na ɗauki sanfefa nakan fara duba watan da muke ciki.

Da hunturu katako yana tsukewa, fuskar jita ta lotsa, tsirkiya ta kusanci wuya har ta riƙa zuzuniya, bakin ƙarafan da ke gicce a wuya kuma ya fito yana kartar yatsa, domin ƙarfe ba ya tsukewa tare da katako. Da damina fuskar tana kumbura, tsirkiya ta yi nisa, mai kiɗa ya zo yana kukan ciwon yatsu, yana neman a rage masa tsawon ƙashin da ke kan jaki, wato ɗan katakon da tsirkiyoyi ke hawa a fuskar jita. A nan ne gaggawa take jawo asara, domin wanda ya goge ƙashin a Agusta zai iske tsirkiya kwance a kan ƙarafa a Janairu, kuma abin da aka goge ba ya dawowa. Dabarar da na fi gamsuwa da ita ita ce a sassaƙa guda biyu, gajere na damina da mai ɗan tsawo na rani. Ƙashin saniya ko na raƙumi daga mahauta, idan aka dafa shi maiƙonsa ya fita, ya fi robar da ke zuwa da jita mai araha ƙarko da zaƙin sauti.

Sandar ƙarfen da ke cikin wuya, wadda kamfanin Gibson ya fara sakawa a farkon shekarun 1920, aikinta daidaita lanƙwasar wuya ne, tunda tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan sa da ƙarfin da ya kai kusan kilo 70. Ana juya ta rubu'in zagaye, a dakata katako ya zauna, sannan a sake aunawa. Bayan wuya ya daidaita ne ake duba tazarar tsirkiya a kan ƙarfen gicce na 12 a wuya, wadda milimita 2 zuwa 2.5 ta wadatar, daga ƙarshe a gwada ko sautin wannan giccen ya dace da na sakakkiyar tsirkiya. Wanda ya birkita wannan jeri zai yi aikin sau biyu.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ganin an ɗaura tsirkiyar ƙarfe a jitar da aka ƙera don ta nailan, wai don ta fi ƙara. Irin wannan jita sau da yawa ba ta da sandar ƙarfe a wuya, jakinta kuma manne yake da gam kawai, don haka ba a daɗe sai ya ɗago. Daga nan sai mai ita ya ɗura masa sufa gulu, wanda dole mu kankare shi tas kafin gam ɗin katako ya kama. Ga jitar da za ta yi hunturu a Kano, nakan ba da shawarar a ajiye ta a akwatinta tare da jiƙaƙƙen soso a cikin leda mai huji, a riƙa sake jiƙa shi idan ya bushe, kuma kada a bar ta a but ɗin mota da rana.