Kafin ka tambayi dokin inji, leƙa ƙasan jirgin

Duk wanda ya zo duba ƙaramin jirgin gudu a bakin ruwan Legas, tambayarsa ta farko ita ce injin doki nawa ne, wato ƙarfinsa. Wannan tambaya tana damuna, domin Yamaha mai doki 200 kowa da kuɗinsa zai iya ɗaurawa. Abin da zai kai ka Tarkwa Bay ya dawo da kai lafiya yana ƙarƙashin ruwa, inda ba a cika dubawa ba.

Jirgi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa yana saurin tashi, ba ya shan mai sosai, kuma a ruwan Five Cowries, wani mashigin ruwa da ke cikin Legas, da safe za ka ji daɗinsa. Amma da ka doshi bakin teku, taguwa ta fara zuwa, zai riƙa dukan ruwa har ka ji a ƙashin bayanka. Mai ƙasa mai tsini, siffar V mai zurfi, shi yanka ruwan yake yi. An ga haka tun 1960, lokacin da Moppie, jirgi mai tsawon ƙafa 31 da Ray Hunt ya zana wa Richard Bertram, ya ci tseren Miami zuwa Nassau a cikin teku mai hauka. Gangaren ƙasansa digiri 24 ne har zuwa baya, kuma har yau da yawa daga masu ƙera jiragen gudu a kan wannan tsari suke. Sai dai irin wannan jirgi yana da nasa farashi: yana buƙatar inji mai ƙarfi, kuma idan ya tsaya cak yakan yi ta lilo.

Jirgi mara nauyi da aka yi wa babban inji kuwa, idan ka ɗaga hancinsa da yawa a cikin gudu, sai ya fara tangaɗi hagu da dama, kowane kaɗawa ya fi na baya. A nan ake kifewa. Ka sauke hancin, ka rage wuta a hankali, kada ka yanke wutar a lokaci guda. Sitiyari mai sako-sako yana ƙara wannan matsala.

Ni inda na fi daɗewa wajen dubawa shi ne bangon baya, inda inji yake rataye. Yawanci katako ne a ciki aka lulluɓe da fiba. Ruwa na shiga ta ramukan ƙusoshi, katakon ya ruɓe, fenti kuma yana ta sheƙi a waje. Ka ƙwanƙwasa da ƙotar sukudireba: mai lafiya ƙararsa tsaf take, ruɓaɓɓe kuwa dum-dum. Sannan ka ɗaga injin, ka danna ƙafarsa da ƙarfi. In bangon ya motsa, ko ka ga tsagu kamar saƙar gizo a kusurwoyi, to ka haƙura da jirgin komai arharsa.

Ranar gwaji ka sa rigar da ke hana nutsewa, ka ɗaura igiyar kashe inji a ƙafarka. In ta wajen Ikorodu za ka bi lokacin kainuwa, ka riƙa duban ruwan da inji ke fitsararwa, don ganye na toshe masa hanyar sanyaya.